Amfilifayar bes da ta yi shiru a Jos, da yadda aka gano ciwonta

Amfilifayar da masu ita

Amfilifayar, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta wata ƙungiyar matasa makaɗa ce a Jos. Ranar Lahadi suna kiɗa a majami'arsu, ranar Asabar kuma suna bin bukukuwan aure daga Bukuru zuwa Barikin Ladi da Mangu, wani lokaci har Pankshin. Mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin amo, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ke riƙe da amfilifayar, shi ke ɗawainiyar ɗaukarta, shi kuma ake kallo idan ta yi gardama.

Irin mai haɗe ce, wato injin da sifika duk a akwati ɗaya. Sifikar inci 15 ce, om 4, ƙarfin da aka rubuta a bayanta wat 200. Ta hannu ce, daga kasuwar Alaba da ke Legas aka sayo ta, kuma da ganin jikinta ta sha aiki kafin ta tsallako ƙasar nan. Mai tiransista ce, da taransfoma mai nauyi irin ta zobe a ciki. Abin da za a faɗa a nan ya shafi irin wannan ne. Masu kwalaben gilashi irin na tsohuwar rediyo dokarsu daban ce, domin su ko kunna su ba a yi sai da sifika a haɗe.

Sauti yana bin hanya ɗaya a cikinta. Ya shiga ta ramin Input, ya ratsa sashen gaba inda maɓallan ƙara murya da gyaran amo suke. Wannan sashe yana aiki da ƙananan aysi, wato ƙwayoyin da'irar lantarki, masu ƙafa takwas da lamba TL072, kuma wutarsa kashi biyu ce: bolt 15 na sama da bolt 15 na ƙasa, wato +15 da -15. Daga nan sautin ya bi ta wasu ramuka biyu a bayan akwatin, Send da Return, ya faɗa sashen ƙarfi mai aiki da kusan +50 da -50, ya wuce ta rile, wato makunni mai aiki da kansa da ke kare sifika, sannan ya fito. Ramin Return yana da ɗan makunni a ciki. Idan babu komai a soke, sautin sashen gaba ke wucewa. Idan aka soka jak, sai ya yanke sashen gaba ya karɓi abin da aka soka kai tsaye.

A bayan a-kori-kura ake loda ta tare da ganguna, ba akwatin kariya, ba katifa. Ko a wurin kiɗa ma ba ta huta da jijjiga: tsirkiya mafi kauri ta jitar bes mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, kuma fanel ɗin, wato allon da kayan lantarkin ke liƙe a kai, yana zaune ne a akwatin da sifikar ke girgizawa.

Nuwamba zuwa Disamba: sauti na ɗaukewa yana dawowa

A tsakiyar Nuwamba aka fara lura. Ana cikin waƙa sai bes ya ɗauke na daƙiƙa biyu ko uku, ya dawo da wata 'yar ƙara, "ɗum", kamar an buga ƙofa. Fitilar gaba ba ta mutuwa, fanka ba ta tsayawa. Saurayin ya zargi kebul, ya sayi sabo. Jitarsa mai batir ce, ya canza batir ɗin bolt 9. Abin ya lafa na mako guda, kowa ya ɗauka an wuce wurin.

Da hunturu ya kankama a Disamba sai ya dawo, ya kuma fi yawa da safe. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, sanyin asubarta a wannan lokaci sananne ne. A sujadar safe amfilifayar takan ƙi magana sam, sai ta yi minti goma ko sha biyar a kunne sannan ta buɗe. Nan ne saurayin ya gano cewa idan ya dake ta da tafin hannu a sama, sautin yana dawowa. Duka ya zama maganinta har aka gama hidimomin Kirsimeti.

Mako na biyu na Janairu: shiru gaba ɗaya

Ranar wata Laraba wurin gwajin waƙa aka kunna ta, fitila ta kama, fanka ta juya, bayan kamar daƙiƙa uku aka ji "ƙas" na rile kamar kullum. Sauti babu. An dake ta sama da gefe, shiru. An soka jitar a mikisa, na'urar haɗa sautin kayan kiɗa, ta yi magana lafiya lau, ke nan jita da kebul ba su da laifi. An kawo wata jitar, duk ɗaya.

Mai ganga ne ya kara kunnensa a jikin ragar sifika ya ce yana jin wani siririn "sss" can ciki. Juya maɓallin ƙara murya bai sa ya ƙaru ko ya ragu ba. Ba wanda ya ba maganar muhimmanci. Ramukan Send da Return kuwa, tun da aka sayo ta ba a taɓa soka musu komai ba.

Gyaran farko

Washegari aka kai ta wurin wani mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarsu. Da ya ji cewa wuta na shiga amma sauti ba ya fita, sai ya ce manyan tiransistocin fitarwa ne suka mutu, abin da ya saba gani a amfilifayoyin masu DJ. Huɗu ne a jikin ƙarfen alminiyam mai shanye zafi: 2SC5200 guda biyu da 2SA1943 guda biyu, waɗanda asalinsu na kamfanin Toshiba ne. Ya cire su duka, ya aika yaronsa kasuwa ya sayo sababbi masu lamba iri ɗaya, ya ɗaura su a kan tsohon farin man da ya riga ya bushe.

Ya kunna, shiru. Sai ya koma sashen gaba ya canza TL072 ɗin da ke kusa da Input. Don ya yi hakan sai da ya kwance fanel ɗin, ya juya shi, ya mayar ya ɗaure. Da ya sake kunnawa sauti ya fito. Ya gaya wa saurayin cewa abu biyu ne suka lalace tare, aka biya kuɗin kaya da na aiki. A gwajin waƙa na ranar Juma'a, da murya ƙasa-ƙasa a cikin ɗaki, ta yi aiki ba tangarɗa.

Asabar ɗin Mangu

Biki ne a fili, da janareta, ga jama'a, don haka aka ɗaga murya sosai. Bayan kamar minti 40 aka ji "fat", fitila ta mutu. Fis ɗin da ke bakin wayar wuta ya yi baƙi ƙirin. Babu wani a hannu, amarya kuma na shirin shigowa. Mai kula da janareta ya zare silin tagulla daga wata waya ya naɗe fis ɗin, aka mayar. Ana kunnawa taransfoma ta yi gurnani, hayaƙi ya fito ta ragar fanka da warin ƙuna, aka yi maza aka zare. Ranar ta mikisa aka ƙarasa kiɗan bes.

Gyara na biyu, ranar farko

A ƙarshen Janairu aka kai ta wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran kayan sauti na majami'u da masallatai. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya zaunar da saurayin.

"Ɗana, kafin ta yi hayaƙi, me take yi?"

"Baba, shiru kawai take yi. Amma da can in na dake ta tana dawowa."

"Da safe ta fi yi ko da rana?"

"Da safe, Baba."

"To, koma wurin wancan ka karɓo min tsofaffin kayan da ya cire. Ka roƙe shi da ladabi, kada ka yi masa faɗa."

Aka yi sa'a suna nan cikin gwangwanin da yake tara tarkace.

Ya fara da sifika, domin ita ce mafi tsada. Ya zare wayoyinta ya auna, mita ta nuna om 3.2, daidai da abin da ake sa ran gani a sifika mai om 4. Ya taɓa mata batir ɗin bolt 9 na ɗan lokaci, takardar ta yunƙuro waje da "ɗum" mai tsabta, ba gogayya. Rile ya yi aikinsa a Mangu, ya hana wutar DC, wato miƙaƙƙiyar wuta mai iya ƙona sifika, isa gare ta.

Kafin ya sa hannu a fanel ya sauke cajin manyan kafasitoci biyu ta hanyar rezista, ya tabbatar da mita cewa sun koma sifili. Waɗannan suna riƙe wuta bayan an zare filogi, kuma tsakanin +50 da -50 bolt 100 ke nan. Wanda bai saba ba ya tsaya a gwajin waje, cikin akwati ya bar wa mai sana'a.

Awon da aka yi ba wuta ya nuna ɓarnar Mangu. Biyu daga cikin sababbin tiransistocin, ɗaya a kowane ɓangare, sun haɗe ta ciki, ƙafa da ƙafa mita na kuka. Rezista ɗaya mai om 0.22 da ke ƙafar ɗayansu ta tsage ta buɗe, ita ce ta yi hayaƙin. Ƙaramin tiransista mai tura su, 2SC4793, shi ma ya tafi. Dayod ɗin gada mai juya AC zuwa DC ya tsira, taransfoma ma ta tsira, tana ba da kusan bolt 36 a kowane ɓangare.

Sai ya ɗauko tsofaffin huɗun nan ya auna su ɗaya bayan ɗaya. Duka lafiyarsu ƙalau. Ya sa ɗaya daga cikin sababbin da suka mutu a bakin filaya ya fasa shi a gaban saurayin. Ƙwayar silikon da ke ciki 'yar mitsitsiya ce, an lulluɓe ta da wani farin danƙo. Ya ɗauko wani mataccen na asali daga aljihun teburinsa ya fasa, ƙwayarsa ta ninka waccan a faɗi nesa ba kusa ba. Rubutun da ke jikin sabon ma da ya goga da ɗan yatsa da sifirit sai ya fara fita. Jabu ne. Na asali an yi shi ya ɗauki amfiya 15 da wat 150 idan yana samun sanyaya yadda ya kamata. Jabu yakan yi aiki da ƙaramar murya, ya mutu idan an matsa masa.

Ya mayar da tsofaffin huɗun mazauninsu, bayan ya goge busasshen man ya shafa sabo. Ya sa sabuwar rezista, ya ciro 2SC4793 da abokinsa 2SA1837 daga wata matacciyar amfilifaya da ya amince da kayanta, ya canza su tare. Fis ya sa irin wanda aka rubuta a bayan akwatin, mai harafin T, wato mai jinkirin ƙonewa, domin taransfomar zobe tana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin kunnawa.

Bai haɗa ta da wuta kai tsaye ba. Yana da soket da ya jera da ƙwan fitila mai wat 100, irin tsohon nan mai zare a ciki, ta yadda duk wutar da za ta shiga amfilifayar sai ta ratsa ƙwan. Idan akwai sauran shot, wato haɗewar wuta, ƙwan zai haska sosai ya shanye wutar, kayan ciki su tsira. Ƙwan zamani na LED ba ya wannan aiki. Da ya kunna, ƙwan ya haska na ɗan lokaci yayin da kafasitoci ke cika, sannan ya dushe ya koma ja-ja. Ya cire ƙwan daga layi ya auna: +50 da -50 sun tsaya, wutar DC a bakin fitarwa milibolt 18 kacal, abin da ke ƙasa da 50 kuwa ba a damuwa da shi. Rile ya ce "ƙas".

Aka haɗa sifika, aka soka jita a Input. Shiru, sai siririn "sss" ɗin nan da mai ganga ya ji tun farko.

Rana ta biyu: komawa ga ciwon asali

Dattijon ya soka kebul a ramin Return, ya taɓa bakin ɗaya kan da yatsa. Sifika ta yi wani gurnani da ya sa gwangwanayen kan tebur rawa. Ya soka jitar a nan, ta yi magana sarai, sai dai maɓallan gaba ba sa tasiri a kanta. Wannan gwaji bai ci minti biyu ba, kuma ya raba amfilifayar gida biyu: daga Return zuwa sifika lafiya, ciwon yana gaba da nan.

Wanda ake fara zargi a irin wannan hali shi ne makunnin cikin ramin Return ɗin kansa, domin ƙura da tsatsa kan hana shi haɗuwa, musamman ramin da ba a amfani da shi. Ya haɗa Send da Return da gajeren kebul don ya tsallake makunnin. Shiru. Ke nan sautin bai ma iso Send ba.

Sai ya koma kan wutar sashen gaba. A jikin TL072, ƙafa ta 8 ita ke karɓar wutar sama, ƙafa ta 4 ta ƙasa. Ƙafa ta 8 ta nuna +15.1. Ƙafa ta 4, wadda ya kamata ta nuna -15, sai ta nuna +0.7. Haka ya samu a kan dukkan aysin da ke fanel ɗin, sabon da tsofaffin. Ba aysi ɗaya ne ya mutu ba, dukkansu ne ke zaune da rabin abincinsu.

A wannan amfilifaya ana samo bolt 15 ne daga bolt 50 ta hanya mafi arha: farar rezista mai om 470, wat 5, ta rage wutar, dayod ɗin zena mai bolt 15 ya tsayar da ita. Ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Kowace rezista tana shanye bolt 35, wanda ya kama kusan wat 2.6 na zafi, tun daga kunnawa har kashewa, ko ana kiɗa ko ba a yi. A ƙafar shiga ta rezistar ɓangaren ƙasa akwai -50. A kan layin tagullar da ke bayan ƙafar fita babu komai.

Ya ɗauki ɗan tsinken katako, da amfilifayar a kunne da jita a Input, ya danna kan rezistar. Sifika ta ce "ɗum", sauti ya fito. Ya saki, ya ɗauke. Ya maimaita, haka.

Da aka juya fanel ɗin aka haska shi da tocila ƙarƙashin gilashin ƙara girma, sai ga abin a fili. Wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa saboda zafin shekaru. Dalmar ƙafar ta dushe ta yi burtsi-burtsi, kuma akwai wani siririn zobe baƙi da ya kewaye ƙafar, kamar tsagar da ke fitowa a bakin tukunyar ƙasa. Ƙafar tana motsi a cikin dalmar. Da ido kawai, ba gilashi, liƙin lafiyayye yake gani. Ta ɓangaren sama ma ta fara irin wannan zobe, bai dai kewaye ba tukuna.

Bai ɗora sabuwar dalma a kan tsohuwa ba. Ya zuƙe tsohuwar tas, ya cire rezistocin biyu ya auna, ƙimarsu ba ta kauce ba, amma ƙafafunsu sun yi baƙi, don haka ya sa sababbi. Ya ɗaga su daga jikin fanel kamar milimita biyar don iska ta ratsa ƙarƙashinsu. Da'irar tagullar da ke ƙarƙashin ƙafar da ta tsage ta ɗago daga fanel, sai ya kankare layin gaba kaɗan har tagulla ta fito fes, ya lanƙwasa ƙafar ta kwanta a kansa, ya liƙe. Ya tallafe rezistocin da ɗigon silikon a gefe don kada su riƙa lilo, irin wanda ba ya warin tsami, domin mai warin tsamin yana cin tagulla.

Daga nan ya bi duk wani abu mai nauyi ko mai shan ja a fanel ɗin ya sabunta liƙinsa: manyan kafasitoci, ramukan jak, ƙafafun maɓallai, rile. Ya fesa wa ramukan Send da Return maganin wanke makunni, ya soka jak ya zare sau da yawa. Ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya ya kore ta da buroshi da iska.

Gwaji da abin da ya biyo baya

Ƙafa ta 4 ta koma -15.0. Ya duba ɗan wutar da manyan tiransistoci ke ja a zaune, ya daidaita ta zuwa kusan milibolt 5 a kan kowace rezista mai om 0.22, ya bar ta ta yi ɗumi ya sake dubawa, ba ta gudu ba. A madadin sifika ya haɗa manyan rezistoci masu om 4, ya tura amo mai kaɗawa 400 a daƙiƙa daga wayarsa, ya ɗaga har fitilar gargaɗi ta fara ƙyaftawa. Mita ta nuna bolt 26 na AC, kusan wat 170 ke nan, abin da ya dace da amfilifaya mai wannan shekaru a kan wutar da ba ta cika bolt 230 ba. Ya bar ta tana aiki da matsakaiciyar murya na awa biyu, yana ƙwanƙwasa fanel da tsinke lokaci-lokaci. Ya kuma kwana da ita a shago don ya kunna ta da sanyin safiya. Ta buɗe nan take.

Kuɗin kayan da suka warkar da ciwon asali, rezista biyu da dalma, bai kai na tiransista jabu ɗaya ba. Ƙungiyar ta yi hidimomin Ista da ita, ta shiga damina tana bin bukukuwa, sautin bai sake ɗaukewa ba.

Abin da ya faru a zahiri

Ciwo ɗaya ne tun Nuwamba: liƙin ƙafar rezista da ya tsage. Zafi yana kumbura shi, sanyi yana tsuke shi, hanya da amon bes suna jijjiga shi. Shi ya sa ya fi tsanani da safe, ya kuma saki idan ƙarfen ya yi ɗumi ya cike tsagar. Duka yana mayar da ƙafar mazauninta na ɗan lokaci, amma kowane duka ƙara buɗe tsagar yake yi. Dawowar sauti a shagon farko ma daga juya fanel ne, ba daga sabon aysi ba.

A ganina kuskuren mai gyaran farko ba rashin sanin kaya ba ne, ya san su. Ya sayi kaya ne kafin ya auna. Alamu uku suna gabansa da ke wanke sashen ƙarfi: fis bai ƙone ba, rile yana kamawa, sifika tana "sss". Tiransistan fitarwa da ya mutu yawanci haɗewa yake yi, ya ƙona fis ko ya hana rile kamawa, kuma ba ya farfaɗowa don an dake shi. Jabun kayan kuwa ba lallai ya san jabu ba ne, kasuwa cike take da su, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum cire na asali bai tabbatar sun mutu ba.

Ƙungiyar ma tana da nata kason. Makonni suna dukan amfilifaya, alhali a lokacin da ciwon ke zuwa yana tafiya gyaransa aikin rabin awa ne. Naɗe fis da tagulla a Mangu shi ya ƙona rezista, kuma da an ƙara 'yan daƙiƙu a kunne, taransfoma ce za ta bi, wadda samun irinta sai an aika Legas ko a ba da naɗi.

Tsarin rage wuta da rezista yana nan yadda masu ƙera ta suka yi shi, zafin wat 2.6 bai je ko'ina ba. Dattijon ya ce a dawo da ita kafin hunturu mai zuwa ya sake duba wurin da gilashi. Ya manna fis biyu masu harafin T a bayan akwatin da salatif, ya kuma nuna wa saurayin yadda zai soka jita a Return da kansa idan ta sake yin shiru a wurin biki. Sun samo tsohuwar katifa suna shimfiɗa mata a mota, akwatin katako da ya ce su yi mata kuwa har yanzu suna tara kuɗinsa.